Mayafin Superman ya hana ni barci

Assalamu alaikum jama'a. Daga Jos nake. Wata uku ke nan ina haɗa gajeren katun na minti huɗu a manhajar haɗa katun ta Blender kan yarintar Superman a gonar iyayen riƙonsa, Jonathan da Martha Kent, a jihar Kansas ta Amurka. Faɗa da dodanni bai dame ni ba, tarbiyyar ce ta ja ni: yaron da zai iya ɗaga tarakta amma uba ya ce ya koyi haƙuri, shi kuma ya sunkuyar da kai.

Inda na maƙale shi ne jan zanen da ya ɗaura a wuya yana wasa. Da zarar ya juya da gudu, sai ƙyallen ya nutse cikin kafaɗarsa ya ɓullo ta ƙirji. Na sa Collision (saitin da ke hana zanen ratsa jiki) a jikinsa, na ɗaga Quality Steps (yawan matakan lissafin motsin zanen) daga 5 zuwa 15, na sake yin bake (lissafa motsin a adana shi) har sau shida, biyu ma wuta aka ɗauke a tsakiya. Kwamfutar kuma RAM 8GB ce, tana huci kamar injin markaɗe.

Wataƙila ni na kuskure wani wuri. In rage saurin juyawar ne, ko in sa wa zanen ƙasusuwa (bones, waɗanda ake motsa abu da su a Blender) in motsa shi da hannu? Don Allah wanda ya taɓa fama da wannan ya taimaka min.