Muhawara: Wai Malesiya ba ta da abincin kanta, duk aro ne?

Ɗan Zazzau (Serdang): Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata biyu a ƙasar nan, kuma zan faɗi abin da na lura da shi ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Malesiya ba ta da abincin da za ta ɗaga ta ce nata ne. Roti canai, gurasar fulawa da ake soyawa a faifan ƙarfe, daga Indiya ya zo. Shinkafa da kaza ta Hainan, sunanta kaɗai ya faɗi garinsu, tsibirin Hainan na ƙasar Sin. Taliyar da ake soyawa a kowane lungu ta Sinawa ce, rendang kuma, naman da ake dafawa cikin madarar kwakwa da yaji har ya tsotse, na ƙabilar Minangkabau ne a tsibirin Sumatra na Indonesiya. In an kwashe waɗannan, me ya rage? Na faɗa wa abokin ɗakina haka jiya ransa ya ɓaci, shi ya sa na kawo maganar nan.

Maman Hanif (Gombak): Wa alaikumus salam. Ƙanena, ina ka baro nasi lemak? Maƙwabciyata ce ta koya mini shi a madafinta. A dafa shinkafa cikin madarar kwakwa da ganyen pandan mai ƙamshi, a zuba sambal, wato miyar barkono, a gefe, da ƙananan kifin nan ikan bilis, da soyayyiyar gyaɗa, da ƙwai, da yankan kokwamba, a ƙunshe a ganyen ayaba. Wannan wa ya kawo musu? Abincin ƙauye ne na mutanen Malay, masunta da manoma, da kayan da ke bayan gidansu.

Ɗan Zazzau (Serdang): Yaya, na yarda da shinkafar da kwakwar. Amma sambal ai barkono ne, barkono kuwa daga nahiyar Amurka ya fito, ya iso yankin nan ne bayan zuwan Turawan Fotugal da suka ci Melaka a 1511. Gyaɗar ma asalinta can ne.

Malam na Sintok: To in da wannan mudu za mu auna, mu ma sai mu miƙa tuwon masara, domin masara daga can Amurkan ta fito. Gurasar Kano sunanta na Larabci ne. Ƙulin da ake barbaɗa wa tsire na gyaɗa ne, ita ma baƙuwa. Akwai wanda zai tsaya a Kurmi ya ce gurasa ba abincin Kanawa ba ce? Inda shuka ta fara tsirowa daban, wanda ya zauna ya sarrafa ta ta zama girki daban. Ni tambayata a kan kowane abinci ita ce: a ina aka fara haɗa shi a yadda muke cinsa yau?

Bakatsine a Penang: Malam ya taɓo inda nake so. Ɗan Zazzau, ka hau mota ka zo George Town, babban birnin Penang, ka ci nasi kandar, sannan mu yi magana. Musulmin Tamil ne daga kudancin Indiya suka fara shi a nan. Su ɗauko tukunyar shinkafa da ta miya a rataye a bakuna biyu na sanda ɗaya, sandar a kafaɗa, su bi 'yan dako a tashar jiragen ruwa suna sayar musu. Saɓa sandar nan a kafaɗa shi ne kandar. Yau in ka je, mai zubawa zai ɗebo miyar kifi, ya ƙara ta kaza, ya ƙara ta nama, duk a kan shinkafa ɗaya har ta nutse. Su ce banjir, wato ambaliya. Kayan yajin na Indiya ne, ban musa ba. Amma girkin a Penang aka haife shi, sunansa ma da yaren Malay yake.

Sai mee goreng mamak, soyayyiyar taliyar rumfunan Musulmin Indiya da ake kira mamak, wanda ni a wurina shi ya kashe bakin zancen. Taliyar rawaya ta Sinawa ce, kaskon suyar nasu ne, awara da kicap ɗin da ke ciki, wato baƙin ruwan waken soya, nasu ne. Mai suyar Musulmin Indiya ne. Yajin da ɗan zaƙin nan kuma irin na bakin mutanen Malay ne. Ka faɗa mini ƙasar da za a mayar wa wannan faranti. Indiya? Sin? Ba mai karɓa, domin ba su san shi a haka ba.

Ɗan Zazzau (Serdang): Mee goreng na ba ku. Roti canai fa? Parotta ce ta kudancin Indiya, an sauya mata suna. A Singafo ma roti prata suke cewa, sun fi kusa da gaskiya.

Maman Hanif (Gombak): Fulawar da murɗa ta ɗaya ce, haka ne. Amma dubi abin da aka yi da ita. Roti telur da ƙwai, roti pisang da ayaba, roti tisu siririya kamar takarda da madara a kai. Da asuba za ka ga Malay da Basine da Ba'indiye a teburi guda suna tsoma ta a miyar dhal ta wake, ga shayin madara teh tarik a gefe. Ranar da na fara ganin mai shayin yana janyo shi daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa, wallahi mai shayin layinmu na tuna. Kalmar mamak ɗin ma daga Tamil take, tana nufin kawu.

Anti a Skudai: Tunda an ambaci Singafo bari in sa baki, ni da nake bakin iyaka. Gardamar da kuke yi, su ma suna yinta tsakaninsu, kuma da zafi. A 2009 ministar yawon buɗe ido ta Malesiya, Ng Yen Yen, ta ce wasu ƙasashe sun ƙwace musu abincinsu, ta lissafa laksa, wato taliya cikin romo, da nasi lemak da shinkafar Hainan da sauransu. Mutanen Singafo ba su ji daɗi ba. A 2020 UNESCO ta sa al'adar rumfunan abinci na Singafo a jerin al'adun gado, a 2024 kuma ta sa karin kumallon Malesiya, inda aka ambaci nasi lemak da roti canai da teh tarik. Ni abin da nake gani, ƙasashen biyu sai 1965 suka rabu. Girke-girken sun girmi iyakar. Ma'adinin kuza ya jawo Sinawa, gonakin roba suka jawo Tamil, duk a zamanin Turawan Ingila, lokacin da jirgi ɗaya ke bi ta Penang da Melaka da Singafo.

Malam na Sintok: Akwai wani ɓangare da ba mu taɓa ba, kuma shi ya fi damuna. Ana yawan cewa abinci ya haɗa kan ƙabilu uku, Malay da Sinawa da Indiyawa. Gaskiya ne, amma haɗuwar ta fi gudu ta hanya ɗaya. Basine zai shiga mamak ya ci, Bamalaye ba zai shiga yawancin rumfunan Sinawa ba, mu ma haka. Char kway teow na asali, soyayyiyar taliyar shinkafa, da kitsen alade ake soya shi. Wanda muke ci a rumfar Musulmi an sauya masa mai. A 2024 da aka sa bak kut teh cikin abincin gado na ƙasa, miyar haƙarƙarin alade ce da aka san garin Klang da ita, an yi ta ce-ce-ku-ce, wasu na cewa yaya abin da mafi yawan 'yan ƙasa ba sa ci zai wakilce su. Shi ya sa nake jan hankalin sababbin ɗalibai: sunan abinci bai isa ba, ku duba tambarin halal na JAKIM, hukumar harkokin Musulunci ta ƙasar, ko ku tambaya.

Bakatsine a Penang: Malam, wannan gaskiya ce, ba ni da ja. Sai dai ka lura, sauyin da halal ya tilasta ma ya haifi sabon girki. Shinkafar Hainan ta zama nasi ayam a hannun Malay, da sambal ɗinta. An yi chik kut teh da kaza. Tun kafin wannan ma akwai Baba da Nyonya, jikokin fataken Sin da suka auri matan ƙasar a Melaka da Penang. A madafinsu taliyar Sin ta haɗu da tsamiya da belacan. Asam laksa ta Penang romon kifi ne mai tsami, da na'ana'a da abarba da albasa, babu madarar kwakwa ko ɗigo. Ka je Kuala Lumpur ka ce laksa, a ba ka mai kori da madarar kwakwa. Ka haye Sarawak, wata ce daban. Abin aro ba ya yin rassa haka gari-gari.

Maman Hanif (Gombak): Belacan ɗin nan da farko ban iya tsayawa kusa da shi ba. Da na gane jatan lande ne aka sa wa gishiri aka bari ya ruɓa, aikin daddawa yake yi a miya, sai hankalina ya kwanta. Yanzu ba na yin sambal babu shi.

Ɗan Zazzau (Serdang): Na janye cewa babu nasu. Nasi lemak, nasi kandar, mee goreng, asam laksa, na yarda a nan aka haɗa su. Amma a kan roti canai ina nan a kan bakana, ƙara ayaba bai mai da ita ta Malesiya ba. Rendang kuma ba wanda ya ba ni amsa.

Anti a Skudai: Rendang na Minangkabau ne, ba gardama. Amma Minangkabau sun ƙetaro sun zauna a yankin da yau yake jihar Negeri Sembilan ta Malesiya tun ƙarnoni kafin a san wata ƙasa Malesiya ko Indonesiya. Daga Serdang zuwa Seremban, babban birnin jihar, ba nisa a jirgin ƙasa na KTM. Ka je ranar Hari Raya, wato Sallah, ka ga wa ke tsaye a kan tukunyar, ka tambaye ta daga ina kakarta ta koya.

Ɗan Zazzau (Serdang): Zan je in sha Allah, Anti. Abokin ɗakin nawa ɗan Kuala Pilah ne a Negeri Sembilan ɗin, dama ya gayyace ni gidansu da sallah. Bari ya dawo daga laccar yamma in ba shi haƙuri tukuna.