Neman shawara: kalanda ɗaya da duk ofis zai riƙa gani, a kan sabarmu ta cikin gida

Mai tambaya, sakataren ofishin lauyoyi a Kano:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ofishinmu ƙarami ne, mu bakwai: maigida, lauyoyi uku, mai lissafi, ɗan aike, sai ni. Muna da wata kwamfuta a ɗakin ajiyar takardu da muka mai da ita saba (kwamfutar da sauran ke ɗaukar fayiloli daga gare ta), tsarin Ubuntu ne a kanta maimakon Windows, aikinta kawai riƙe folda ɗaya da kowa ke shiga. Imel ɗinmu yana wurin kamfanin da ya sayar mana da sunan shafi, ta IMAP, wato hanyar ɗauko wasiƙun imel, muke ɗaukowa. Yawancinmu manhajar imel ta Thunderbird muke buɗewa, maigida kuwa ba ya rabuwa da Outlook na Microsoft.

Wata biyu da suka wuce na ƙirƙiri kalanda, na ajiye ta a matsayin fayil na ics, irin fayil ɗin da ake ajiye kalanda a ciki, a cikin foldar nan, na nuna wa Thunderbird ɗin kowa inda take. Da farko lafiya lau. Ranar Talatar makon jiya na shigar da ranar da aka ɗage wata shari'a, ashe a lokacin ɗaya daga cikin lauyoyin ma yana shigar da tasa. Tawa ta ɓace. Ba don kundin takarda da har yanzu nake cikewa da hannu ba, da ranar zaman ta zo babu wanda ya je kotu. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Don Allah yaya ake yin abin nan daidai, ta yadda Outlook ɗin maigida da wayoyinmu duk za su gani?

Injiniya, daga Zariya:

Wa alaikumus salam. Ƙanina, Allah ya tsare gaba. Abin da ya same ka ba tsautsayi ba ne, haka tsarin da ka kafa yake aiki. Fayil ɗin ics guda ɗaya ne yake ɗauke da dukkan ranakun. Duk wanda ya ƙara wani abu, manhajarsa sake rubuta fayil ɗin take yi gaba ɗaya daga abin da ke hannunta. Kai ka rubuta naka, lauyan ya zo da kwafin da bai san da naka ba, ya rubuta a kai. Wanda ya ajiye daga ƙarshe shi ya ci, kuma babu wani gargaɗi da zai fito. Folda ba ta san mene ne kalanda ba, ita dai fayil ta sani.

Kuma kada ka sa ran IMAP zai taimaka. Wasiƙu kaɗai yake ɗauka. Kalandar da kake gani a gefen imel a Thunderbird, taga ɗaya kawai suka haɗa, hanyarsu daban.

Hanyar kalanda sunanta CalDAV, tun 2007 aka fitar da ƙa'idarta. A nan kowane alƙawari zaman kansa yake yi, da alamarsa da ke sauyawa duk sanda aka taɓa shi. In mutum biyu suka shigar da ranaku daban-daban, ba ruwan wannan da wancan. In kuma abu ɗaya suka gyara tare, sabar za ta ƙi karɓar na biyun har sai ya ga abin da na farko ya yi.

Tunda Ubuntu gare ka, ni Radicale zan ce ka saka. Ƙaramar manhaja ce, kyauta, ba ta buƙatar rumbun bayanai na daban, kowane alƙawari ɗan fayil take ajiye shi a folda. A ƙofa ta 5232 take sauraro, wato lambar da sauran na'urori za su nemo ta da ita a kan sabar. Abubuwa biyu ne suka fi kayar da mutane. Na farko, in ka saka ta ba ka taɓa saitin ba, kanta kaɗai take amsa wa, sai ka gyara layin da ke faɗin adireshin da za ta saurara kafin sauran kwamfutocin ofis su same ta. Na biyu, adireshin sabar. Shiga rauta, na'urar da ke raba intanet a ofis, ka ɗaure wa sabar lamba ɗaya da ba ta canzawa, in ba haka ba duk ranar da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, tana iya tashi da sabuwar lamba, kowa ya ce kalanda ta mutu.

Ka ba kowa sunansa da kalmar sirrinsa. Akwai fayil na izini da za ka rubuta wa ke iya gyarawa, wa ke kallo kawai. Ɗan aike kallo ya ishe shi.

Hajiya, mai kula da ofishin masu awon filaye a Kaduna:

Ɗana, duk abin da Injiniya ya faɗa gaskiya ne, amma bari in tambaye ka: inbata ɗinku awa nawa take riƙe sabar nan? Mu mun yi shekara guda da irin wannan tsari. Ranar da batir ya gaza, mutanenmu suna jeji suna son sanin wurin da za su je gobe, kalandar tana kulle a ɗakin da babu wuta. Daga baya Google Calendar muka koma, na buɗe ɗaya na raba wa kowa, na huta.

Na san ku lauyoyi ne, sirrin mutane ke hannunku, wataƙila maigidanku ba zai yarda sunayen masu ƙara su fita daga ofis ba. To ka same shi ka tambaye shi kafin ka wahalar da kanka. Kuma ko wacce ka ɗauka, ku tsayar da mutum ɗaya da ranakun kotu ke bi ta hannunsa. Manhaja za ta hana rubutu ya taka rubutu, amma ba za ta san cewa lauya ya dawo daga kotu ya manta bai shigar da komai ba.

Mai tambaya:

Na gode Injiniya, yanzu na gane inda na kuskure. Hajiya, na yi wa maigida maganar Google tun da farko, ya ce sam, sunayen mutanensa da lambobin shari'a ba za su bar ofis ba. Muna da sola, sabar ba ta cika mutuwa da rana ba, sai dai cikin dare. Saura maganar Outlook da waya.

Wani ɗan'uwa mai gyaran kwamfuta a kasuwar Farm Centre ta Kano:

Tunda oga Outlook yake so, me zai hana ku sa Exchange kawai, sabar imel da kalanda ta Microsoft? Shi aka yi domin wannan.

Injiniya:

Malam, ga mutum bakwai? Sai sun sayi Windows Server, sun sayi lasisi, sun nemo na'ura mai ƙarfi da wanda zai riƙa kula da ita. Kuma Exchange 2016 da 2019 duk Microsoft ta daina tallafa musu tun 14 ga Oktoba 2025. Nauyin ya fi ƙarfin buƙatar.

Ƙanina, Outlook na Windows bai san CalDAV da kansa ba. Akwai ƙari na kyauta mai suna Outlook CalDav Synchronizer, shi za ka saka masa. Amma ka duba wane Outlook ne a kwamfutar maigida. Tsohon da aka saba da shi yana karɓar ƙarin, sabon da Microsoft ke turowa ba ya karɓar irinsa. In akwai maɓallin komawa sabon a saman taga, ka roƙi Yallaɓai kada ya taɓa shi.

Thunderbird ba ya buƙatar komai, ka zaɓi sabuwar kalanda a kan hanyar sadarwa ka ba shi adireshin. iPhone ma ta san CalDAV, a saitin asusu ake ƙarawa, sai dai za ta yi ƙorafi in babu takardar tsaro ta TLS, wadda ke shaida sabar ta kuma ɓoye abin da ke wucewa tsakaninsu. Android kuwa sai da manhajar DAVx5, kyauta ce a shagon manhajoji na F-Droid, a Play Store ana biya.

Wata 'yar'uwa, ma'aikaciyar sadarwa a Abuja:

Bari in ƙara abin da ba a taɓo ba. Duk wannan a cikin ofis zai yi aiki. Da zarar lauya ya fita, wayarsa za ta nuna abin da ta ɗauka a ƙarshe ne kawai, abin da ya shigar a harabar kotu kuma ba zai iso ba sai ya dawo. In intanet ɗinku na layin waya ne, mai yiwuwa ba ku da adireshi naku na kanku a waje, kamfanin yana haɗa mutane da yawa a bayan lamba ɗaya, don haka buɗe ƙofa a rauta ba zai yi komai ba. Ko da zai yi ma ban so ka buɗe ba. Saka Tailscale a sabar da wayoyin, zai haɗa su kamar suna ɗaki ɗaya, a ɓoye.

Ka kuma bi kowace na'ura ka tabbatar yankin lokacinta Legas ne. Na ga kwamfutocin da aka sayo da saitin Landan: kusan wata bakwai a shekara agogonsu ya dace da namu, da ƙarshen Oktoba ya yi sai su koma baya da awa ɗaya, zaman ƙarfe 9 ya bayyana ƙarfe 8 ko wanda suka shigar ya fito wa wasu ƙarfe 10.

Hajiya:

Kuma a riƙa kwafe foldar kalandar zuwa wani faifai kullum. Kundinka na takarda ma kada ka ajiye shi tukuna, ɗana, sai ka ga wata uku ba matsala.

Mai tambaya:

Jama'a, ga inda aka kwana. Ranar Asabar na zo ofis ni kaɗai na saka Radicale, na ɗaure lambar sabar, na shigo da tsohon fayil ɗin ics cikin sabuwar kalandar, sannan na cire shi daga foldar don kada wani ya koma kansa. Na buɗe kwamfuta biyu na shigar da ranaku a lokaci guda har sau biyar, babu wadda ta ɓace. Yaya ta Abuja, kin yi gaskiya, kwamfutar mai lissafi a Landan take, na gyara. Outlook ɗin Yallaɓai tsohon ne, ƙarin ya zauna. Yallaɓai ya kuma amince duk ranar kotu ta biyo ta hannuna kamar yadda Hajiya ta ce.

Wayoyin Android uku sun haɗu ta Tailscale. iPhone ɗin maigida ce ta rage, tana ta maganar takardar tsaro. Injiniya, in kana da sarari gobe bayan la'asar, zan turo maka hoton abin da take nunawa. Allah ya saka muku da alheri.