Jackie Chan ya fi Bruce Lee? An taɓo wa Kawu inda yake masa ƙaiƙayi

Ɗan Fagge: Na faɗa na ƙara, in dai nishaɗi ake nema a fim ɗin Chanis, Jackie Chan ya fi Bruce Lee. Mai ja ya fito.

Kawu: Yaro man kaza. Lokacin da muke turereniya a layin tikitin sinimar Plaza, babanka ma bai yi aure ba. Bruce Lee zai tuɓe riga, a yanke shi, ya lakaci jinin ya lasa, sai ka ji sinima ta kaure da ihu. In an tashi kowa ya zama ɗan kareti, ana ta naushin iska har ƙofar gida. Ni da kaina na haɗa sanduna biyu da sarƙar keke ina juyawa, na fasa goshina. Tabon na nan.

Ɗan Fagge: Allah ya huci zuciyar Kawu. Amma shi Bruce tun kafin ya ɗaga ƙafa ka san bos ya mutu, ina fargabar take? Jackie kuwa yana shan jibga. Ya naushi ƙarfe ya yarfe hannu don zafi, ya ruga, a ritsa shi, ya rarumi tsani ko benci ya kare kansa. Kana dariya gabanka na faɗuwa.

Anti: Nan kam ina bayan ɗana. Fim ɗin Jackie ne kaɗai nake zama da yara mu kalla har ƙarshe.

Ɗan Maraɗi: Ku bi a hankali, awon ma bai yi daidai ba. Daga 1971 zuwa 1973 fina-finai huɗu kacal Bruce ya kammala a matsayin jarumi, ya rasu a Hong Kong a watan Yulin 1973 yana da shekara 32. Enter the Dragon ma bayan rasuwarsa ya fito. Kuma a cikinsa Jackie yana cikin yaran da Bruce ya cafko ta gashi ya murɗe wa wuya.

Kawu: Ka ji ko? Gwaninka yaron shago ne a wajen nawa!

Ɗan Maraɗi: Kawu ban ƙarasa ba. Bayan rasuwar, masu shirya fim sun so su mai da Jackie Bruce na biyu, da ɗaure fuska da komai, kasuwa ta ƙi. Sai a 1978 da ya koma barkwanci, ya yi Drunken Master, sannan tauraronsa ya haska. Tun yana ƙarami an horar da shi tsalle-tsalle da wulgulawa a makarantar wasan kwaikwayon gargajiya, tare da jarumin fim Sammo Hung, abin da ya iya ke nan.

Ɗan Fagge: Kuma da jikinsa yake biya. A Police Story na 1985 ya sulalo ta jikin ƙarfe daga saman bene, fitilu na fashewa, tafin hannunsa ya ƙone. Wajen ɗaukar Armour of God a Yugoslabiya reshen bishiya ya karye da shi, ƙoƙon kansa ya tsage, sai da aka yi masa tiyata.

Auta: Ni duk su biyun Tony Jaa, jarumin Tailan, ya fi su, gwiwa da gwiwar hannu kawai, ba igiyar da ke ɗaga shi sama.

Kawu: Auta je ka yi aikin makaranta, manya na magana. Kai kuma Ɗan Fagge, faɗowa daga bishiya ba kareti ba ne, ko ɗan goyo zai iya. Nemo mini faɗan Bruce da Chuck Norris na birnin Rum, ka zo da shi ranar Asabar bayan La'asar. Ka taho da lemo, kai za ka saya.