Tambaya: hayar mota mai birki da totur na hannu a Ingila

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar hayar mota a Ingila.

Tambayar a kan wani direba ce da ƙafafunsa ba sa aiki, yana tuƙi da sandar hannu: a tura gaba birki, a jawo baya totur. Lasisinsa na Nijeriya ne, kuma dokar Ingila ta yarda baƙo ya yi tuƙi da lasisin ƙasarsa har wata 12. Inda abin ya cije shi ne motar. A Amurka dokar naƙasassu ta 1990 ta sa kamfanonin haya su ɗaura sandar idan an sanar da su tun da wuri, amma a Ingila ban san kamfanonin da ke yin haka ba.

Ga kuma batun hannu. Sitiyari a dama yake, sandar ma galibi a dama ake ɗaura ta, shi kuwa da hagu ya saba taka birki. Akwai masu ɗaura ta a hagu a mota mai giya otomatik? Idan kuma ya zo da tasa sandar mai cirewa, wadda ake matsewa a jikin fedoji, inshorar hayar tana ɗaukar nauyi idan aka yi haɗari? Wannan ya fi damuna, don irin sandar kan kwance idan ba a ɗaure ta sosai ba.