Kullum ina gudu da ƙarfi, amma jikina sai ja da baya yake

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shirin gudun famfalaki na Legas da ake yi a watan Fabrairu. Wata uku ke nan ina fita bayan sallar asuba, kilomita 10 kullum, da iya ƙarfina, in dawo ina haki kamar wanda kare ya koro. Da farko na ga ci gaba. Yanzu kuwa ƙarfe biyun dare idona biyu, bugun zuciyata da safe ya tashi daga 58 zuwa 67, mura ta ƙi rabuwa da ni, kuma (a yi mini afuwa) uwargida ta fara ƙorafi. Tumbin da na fito ragewa yana nan daram. Me ke faruwa?

Malamin Samaru:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, ƙoƙarin ne ya yi yawa. Jiki yana aiki da mai iri biyu: kitse, da sukarin da ya ajiye a tsoka da hanta, wato gilaikojin, wanda duka-duka kusan rabin kilo ne. In kana sassarfa, kitse ne ke ɗaukar yawancin aikin. In ka taka da ƙarfi, sai adirenalin, sinadarin da ke zaburar da jiki, ya tashi, jiki ya koma kan sukarin nan, shi kuwa ba ya jimawa. Shi ya sa masu famfalaki ke ji ƙafa ta mutu wajen kilomita 30.

Sai kuma kotisol, wani sinadari da jiki ke ƙara saki in ya shiga matsi, wanda ke fitowa daga wasu 'yan halittu a saman ƙoda. Yakan fara hawa idan gudu ya kai kusan kashi 60 cikin ɗari na iyakar iskar da jikinka ke iya sarrafawa, kuma in gudun ya yi tsawo ya ƙara hawa. Ba abokin gaba ba ne, shi ke taimakawa wajen riƙe sukarin jini. Amma kullum kana tayar da shi, ba hutu, ba isasshen abinci, to barci zai lalace, sinadarin maza na testosteron kuma yana iya sauka. Ka ga inda ƙorafin uwargida ya samo asali.

Stephen Seiler, mai bincike a Norway, ya lura cewa manyan 'yan tseren nesa kusan kashi 80 na atisayensu a hankali suke yi. Ka yi gudu mai ƙarfi sau biyu a mako, sauran ranakun ka tafi yadda za ka iya hira da na kusa da kai ba tare da numfashi ya sarƙe ba. Rana guda ka zauna gida.

Mai Keke:
Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma kada ya ɗauka sassarfa ce za ta narkar da tumbi. In ya dawo ya zauna wajen mai shayi, biredi da ƙwai huɗu da madara gwangwani guda, tumbi ba inda za shi.

Maman Hanifa:
Ni ta ɗaya gefen abin ya same ni. Na haɗa gudu da rage cin abinci, al'adata ta ɗauke wata huɗu, har na zaci juna biyu ne. Likita ta ce abin da nake ci bai kai abin da nake ƙonawa ba, sai jiki ya rufe abin da yake ganin ba na gaggawa ba ne. Kwamitin Olamfik na duniya ya sa wa matsalar suna RED-S a 2014, kuma maza ma tana kama su. Ɗan'uwa, ka je a duba jininka tukuna. Ƙarancin jini ko maleriya ma suna tayar da bugun zuciya.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai. Yau na gwada ta Malam, har wani dattijo mai tura ruwa ya kusa wuce ni. Kunya kamar in nutse, amma na dawo ban nemi tabarma ba. Gobe zan je gwajin jini. Mai Keke, ƙwai uku ne, ba huɗu ba.