Gangare ne ko hawa? Ranar da kalmar “pente” ta ɗaure muku kai

Mushe Ɗan Adar, Tawa:
Salamu alaikum jama'a. Jiya a aji ina koya wa yara kalmar Faransanci “pente”. Na ja layi a allo ya karkace, na ce da Hausa gangare ke nan. Sai wani yaro can baya ya ɗaga hannu: “Mushe, in mutum yana ƙasa fa? Ai hawa ne.” Aji ya kwashe da dariya, ni kuwa na yi tsit, don yaron ya fi ni gaskiya. Faransanci suna ɗaya ya ba abin, mu kuwa sai mun san inda ka dosa kafin mu raɗa masa suna. Wa ya taɓa cin karo da irin wannan?

Alhaji Mai Kamyo:
Mushe, yaron nan naka direba za shi zama. Lokacin da munka yi karatun farmi, wato lasisin tuƙi, an nuna muna allon hanya mai 10%, anka ce kowace mita 100 hanya ta sauka mita 10. Na haddace, na ci jarrabawa. Amma ban gane ba sai da na fara jan albasa daga Galmi zuwa Yamai. Wuri guda ne, in za ni da lodi ƙafata na bisa birki ina salati, in na komo kuma mota na nishi da ƙaramar giya. Ban taɓa kiran su da suna guda ba.

Hadiza, ɗaliba a Yamai:
Baba Alhaji, ni “côte” ce ta kunyata ni. Mai koya mini tuƙi ya tsayar da ni a hawan da ke tasowa daga bakin kogi zuwa unguwar Filato, ya ce yau “démarrage en côte”, wato tada mota a kan hawa. Ni a sanina côte bakin teku ne, kamar a sunan Kodibuwa (Côte d'Ivoire). Ina cikin wannan tunani mota ta fara gangarawa da baya! Da na koma gida na buɗe ƙamus: asalinta “costa” ta Latin, wato haƙarƙari. Haƙarƙarin mutum, gefen tudu, gaɓar teku, duk kalma ɗaya. Ita kuwa “pente” 'yar ɗakin “pendre” ce, ratayewa. Su Faransawa a ganinsu ƙasar rataye take.

Malam Na Liman:
'Yata, ga ƙari. A littattafan Larabci mun karanta “iƙlim”, yanki na ƙasa. Da jikana ya zo da darasin “climat” sai kunnena ya ce ya san muryar nan. Ashe duka biyun daga “klima” ta Girkanci suke, ma'anarta karkata. Mutanen zamanin da sun raba duniya yanki-yanki bisa yadda hasken rana ke karkata a kanta, daga nan kalmar ta zama sunan yanayi. Gangaren kansa Larabawa “munhadar” suke cewa, daga aikatau na sauka, kamar namu.

Ɗan Keita:
Tawa ta fi taku tsada, don gumi aka yi. Ina sabon ma'aikacin gona, aka tura ni wani ƙauye mu jera duwatsu don hana ruwa kwashe ƙasa. Na fassara takardata kai tsaye, na ce a bi gangare. Mutane kuwa sunka bi shi, daga tudu har kwari, sunka yi wa ruwa hanya mai kyau. Da la'asar wani dattijo ya dube ni ya ce: “Ɗana, da cewa ka yi mu tare magangara, da tun hantsi mun gama.” Washegari munka kwashe, munka gicciye. Tun ran nan nike kula da sunayen wuri: Zabarmawa na da “goru” ga kwazazzabo da “tondi” ga dutsi, Fulani sun ba mu “dallol” ga kwari, kamar Dallol Boso da Dallol Mawuri.

Mushe Ɗan Adar:
Na gode ƙwarai. Gobe zan ari ta Malam, in rubuta “karkata” a allo, in ga ko yaron zai bar ni in sha ruwa.

Alhaji Mai Kamyo:
A'a Mushe, kar ka koya musu wagga. Mu wurinmu karkata sai in lodi ya kwanta gefe guda, kuma daga nan sai kiran mai tsintar albasa.