Baba yana kan oksijin, in ci gaba da ba shi garin gansakuka ko in bari?

Maman Ikram, Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle. Mahaifinmu ne ba lafiya, yau kwanansa tara a asibiti. Abin ya fara kamar murar hunturu, ranar da ya dawo daga ɗaurin auren ɗan ƙanensa a Bodinga. Ni na ce kada ya je saboda hazon da aka tashi da shi, Inna ta ce in bai je ba dangi za su ce girman kai ne, tunda da ma akwai 'yar tsama tsakaninsu kan gonar gado. Ya tafi, ya dawo da tari. Kwana huɗu muna ba shi farasitamol da shayin citta, a na biyar numfashi ya gagara.

Likita ya ce bairos ne ya kama huhu, amma abin da ya fi tayar musu da hankali shi ne garkuwar jikinsa ta wuce gona da iri, tana kumbura huhun da kanta. Suna ba shi deksametason, maganin rage kumburi, sai suga ya hau, shi kuwa da ma mai ciwon suga ne. Yayana da ke Malesiya ya ce akwai abubuwan da ake cirowa daga gansakuka masu kwantar da irin wannan kumburin. Na samu koren garin sifirulina da ƙwayoyin fukoidan wurin wata maƙwabciya. Jiya da shekaranjiya na zuba rabin cokali a kununsa, kofin ya koma kore shar, yana ƙarni. Baba ya yamutsa fuska ya shanye don kada raina ya ɓaci. Ƙwayoyin ban fara ba tukuna. In ci gaba?

Hajiya Inno:
Wa alaikumus salam. Allah shi ba shi lahiya ɗiyata. Mu dai da munka yi jinyar mai gidana, wata ukku muna sayen magani, har awakina sunka ƙare, babu ɗan'uwan da ya leƙo mu. Ki riƙe addu'a, ki kuma riƙe 'yan kuɗɗanki.

Abu Hanif, mai kemis:
Maman Ikram, ki dakatar da garin yau ɗin nan, kuma ki nuna wa likita robar. Yayanki ba ƙarya ya yi ba. A sifirulina akwai wani shuɗin sinadari, fikosayanin, wanda aka ga yana rage sinadaran kumburi irin su IL-6 a gwajin ƙwayoyin halitta da na ɓeraye. Fukoidan kuma daga ciyawar teku mai launin ruwan ƙasa ake samunsa, irin wadda ake ci a Japan da Koriya. To amma ɓera daban, dattijon da ke kan oksijin daban. Deksametason ɗin da kike jin tsoro shi ne aka gwada a kan dubban masu korona a Ingila a 2020, ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan injin numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar ga masu shan oksijin. Hawan suga sanannen abu ne da shi, da insulin ake saita shi. Tambayata: ana yi masa allurar tsinka jini?

Ɗan Barno a Sakkwato:
Malam ka tsananta. Wannan sifirulina abinci ce. Matan Kanembu a Chadi sun daɗe suna kwasar ta a tafkuna masu kanwa, su shanya a rairayi, su yi busasshen curin da ake kira dihe su sa a miya. Kakata da shi ta tashi. Ki ba shi kawai 'yar'uwa.

Maman Ikram:
Ni ma abin da na gani ke nan. Ba guba na ba shi ba, kuma jiya da daddare ya yi barci mai kyau. Eh, ana yi masa wata allura a ciki kullum, sun ce don kada jini ya daskare. Ina ruwan wannan da kunu?

Abu Hanif:
Nan gizo ke saƙar. Fukoidan shi ma yana hana jini daskarewa, a wannan fannin ya yi kama da hefarin, maganin tsinka jini. Ki haɗa shi da allurar, in jini ya ɓalle a ciki wa zai san dalili? Ɗan Barno, mai lafiya da ke cin miya ba ɗaya yake da wanda hanta da ƙodarsa ke fama da magunguna ba. Sifirulinar da ba a tace ba tana iya zuwa da dalma ko gubar maikurosistin mai lalata hanta. Akwai lambar NAFDAC a jikin robar?

Maman Ikram:
A leda ta ƙulla mini, ita ma babbar roba aka kawo mata take rabawa. Amma matar nan shekara goma muna tare, ba za ta cuce ni ba. Kuma ku gane, ni kaɗai ke kwana a wurinsa. Ina kallon lambar na'urar auna oksijin da ke yatsansa tana sauka 88 tana hawa 91, kowa yana ce mini in yi haƙuri. In zauna in naɗe hannu?

Ummu Salma, Arkilla:
Wallahi na san wannan zaman. Da Mama ta kwanta, in ka yi tambaya ɗaya sai a kalle ka kamar ka yi zagi. Shi ya sa mutane ke ɓoye abin da suke bayarwa. Ni dai zuma da habbatus sauda na ba ta.

Abu Hanif:
Zuma ga mai sugan da ya hau? A'a don Allah. Maman Ikram, in kina jin nauyin likita, ki faɗa wa nas ɗin dare. Minti ɗaya ne.

Maman Ikram:
In na faɗa za su ce ni na ƙara masa ciwo, Inna kuma ta ji. Ƙwayoyin zan ajiye, garin kuma sai na yi magana da Yaya, yanzu dare ne a can. Bari in je, Baba yana kirana.